Darasi na 14: Huhu da zuciya maƙwabta ne

Lokacin hunturu sanyi yana sauka a Difa. Iska tana kwaso ƙura. A bakin kogin Kumadugu manoma suna fita tun da asuba su ba tattasai ruwa. A wannan lokaci tari da ciwon huhu suna yawa.

Ƙwayoyin cuta ne suke kawo ciwon huhu. Mai ciwon yana tari, jikinsa yana zafi, yana numfashi da sauri. Ruwa da mugunya suna taruwa cikin huhunsa, sai iska mai kyau, wato okisijen, ta kasa shiga jini sosai.

Zuciya tana zaune tsakanin huhun dama da na hagu. Ita ce take tura jini ko'ina cikin jiki. Zuciyar babban mutum mai lafiya tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya. In huhu ya kasa, sai zuciya ta ƙara gudu, kamar injin ban ruwa da aka bari yana aiki dare da rana. Tana iya gajiya, musamman ta tsoho ko ta mai hawan jini.

Saboda haka, in an kwantar da mai ciwon huhu a asibitin Difa, ba huhu kaɗai likita yake dubawa ba. Yana ƙirga bugun zuciya, yana auna jini. Yana ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta. In numfashi ya yi wuya, sai a sa okisijen.

Masu jinya su ma suna da aiki. Su nuna wa likita duk maganin da mara lafiya yake sha a gida. Su jingina shi da matashi. In ya samu sauƙi, su taimake shi ya ɗan taka, don kada jini ya daskare a ƙafa. Bayan sallama, ya shanye maganinsa duka, ya guji taba da hayaƙi. In ƙafa ta kumbura ko ƙirji ya yi ciwo, a mai da shi asibiti nan da nan.

Riga-kafi ya fi magani. Tun shekarar 2014 ake yi wa jarirai allurar riga-kafin ciwon huhu a Nijar.

Tambayoyi
1. Me yake kawo ciwon huhu?
2. Don me zuciya take gajiya in huhu ya kasa?
3. Waɗanne alamu ne suke sa a koma asibiti?

Aiki
Kowane ɗalibi ya ɗora yatsu biyu a wuyan hannunsa, ya ƙirga bugun zuciyarsa na minti ɗaya. Ya yi tsalle sau 20, ya sake ƙirgawa. Ya rubuta bambancin a littafinsa.