Yadda Ƙudan Zuma Ke Ba Juna Labari

A cikin amya guda, irin wadda ake ratayawa a kan ɗorawa ko kaɗanya, akan sami ƙudajen zuma 20,000 ko fiye, kuma dukkansu, duk da yawan nan nasu, suna zaune ne bisa nizami ɗaya, kowa da aikin da aka hore masa. Akwai sarauniya guda tak, wadda ba ta da wata hidima sai saka ƙwai, har takan saka fiye da 1,000 a yini idan furanni suka yawaita. Akwai maza kaɗan, su kuwa ba su da wani amfani sai barbarar sabuwar sarauniya. Sauran jama'ar duka mata ne ma'aikata, waɗanda ke fara rayuwarsu da share gida da ciyar da 'ya'ya, sa'an nan gina saƙa da gadin ƙofa, sai ƙarfinsu ya kawo su fita neman abinci.

Abin mamaki shi ne yadda wadda ta tsinci furanni a can nesa take sanar da 'yan'uwanta wurin, alhali kuwa ba ta da harshen magana. Wani masani mutumin ƙasar Ostiriya, Karl von Frisch, ya yi shekara da shekaru yana lura da wannan al'amari, har ya gane cewa da rawa suke yin ishara, kuma saboda wannan bincike aka ba shi kyautar Nobel a 1973. Idan abincin yana kusa, sai ta yi ta zagaye a kan saƙa. Idan kuwa da nisa, sai ta miƙe tana kaɗa gindi, ta kewayo ta dama, ta sake miƙewa, ta kewayo ta hagu, kamar mai zana lamba 8. In ta nufi sama sosai, ma'ana a fuskanci rana. In ta karkata, gwargwadon karkatar haka za a kauce wa rana. Daɗewar kaɗawar kuma ita ce ma'aunin nisan tafiya. Duk wannan fa cikin duhun amya ake yi, sauran suna bin ta suna taɓa ta suna sansana ƙamshin furen da ta ɗauko. Lalle halittar da aka ambaci sura guda da sunanta a Alƙur'ani, wato Suratun Nahli, ta cancanci a tsaya a yi tafakkuri a kanta.

Suna kuma yin magana da wari. Duk lokacin da guda ta yi harbi, takan bar wani wari a wurin, wanda ke kiran 'yan'uwanta su far wa abokin gaba, shi ya sa wanda aka harba sau ɗaya, in bai kauce ba, sai a taru a kansa. Hayaƙi yana danne wannan wari, kuma yana sa su duƙufa shan zuma su lafa.

Saboda haka, ya mai ɗiban zuma, hayaƙin busasshen kashin shanu ya ishe ka, ba sai ka cusa wuta ka ƙone su ba. Ka yanki saƙar da ta nuna, wadda aka rufe da kaki, ka bar mai 'ya'ya da ɗan abin da za su ci, domin su zauna ka sake ɗiba baɗi.