Kimiyya a Sauƙaƙe: Yadda Ƙwayoyin Halitta Ke Kare Kansu Daga Fashewa da Bushewa

'Yan'uwa ɗalibai, jikinmu da na dabbobi da tsirrai duk an gina su ne da ƙwayoyin halitta. Kowace ƙwaya tana lulluɓe da wata siririyar fata. Ruwa yana ratsa fatar cikin sauƙi, amma gishiri da sukari ba sa wucewa haka nan. Shi kuma ruwa yana bin ɓangaren da gishiri ko sukari ya fi yawa. Wannan tafiyar ruwan ita ake kira osmosis.

A nan haɗarin yake. Idan muka sa jar ƙwayar jini a cikin ruwa zalla, ruwa zai yi ta shiga har ta kumbura ta fashe. Idan kuma ruwan ya cika gishiri, nata ruwan zai fita ta yamushe.

To, yaya ƙwayoyi ke kare kansu?

1. Ƙwayar tsiro tana da bango mai ƙarfi a bayan fatarta. Ko ta sha ruwa ta ƙoshi, bangon yana hana ta fashewa. Shi ya sa alayyahu da ya yi yaushi yake miƙewa idan aka tsoma shi a ruwa.

2. Amiba da ke zaune a kududdufi tana da 'yar jaka a cikinta mai tara ruwan da ya yi yawa ta zubar waje.

3. Wasu bakteriya idan gishiri ya yi yawa a waje, sai su tara sinadarin fotasiyam da sukari a cikinsu don su riƙe ruwansu. Amma in gishirin ya wuce kima sai su kasa. Abin da ya sa gishiri ke hana nama da kifi lalacewa ke nan.

4. Mu mutane ƙwayoyinmu ba su da bango. Ƙodarmu ce ke daidaita ruwa da gishirin jini. Shi ya sa ba a ƙara wa mara lafiya ruwa zalla a asibiti. Ruwan gishirin da aka saba ƙarawa yana da giram 9 na gishiri a kowace lita.

Wannan darasi ya shafi ƙannenmu. Idan yaro yana gudawa, mu haɗa ruwan gishiri da sukari daidai: lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Kada mu ƙara gishiri wai don ya fi aiki, domin zai janye ruwa daga ƙwayoyin yaron ya ƙara galabaita. Sannan a hanzarta kai shi asibiti.