Gudawa Tana Bin Yanayi Sau Da Ƙafa

Aikin jinya a yankin Kulungugu na ƙasar Bawku, a arewacin Gana, ya koya mini cewa sauyin yanayi ta randa yake shiga cikin yaro. A Maris da Afrilu zafi kan haura digiri 40 a ƙasar Bawku. Rijiyoyi su ja baya, mata su koma tafkin da shanu ke sha. Koko da miyar da ta kwana su yi saurin lalacewa, domin ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa cikin ɗumi.

Damina kuma ta daina cika alkawari. Sai ta makara, sannan ta zubo lokaci guda. Wajen Agusta da Satumba ana sakin ruwan madatsar Bagre ta Burkina Faso, kogin Farin Volta ya tumbatsa. Waɗanda suka ga ambaliyar 2007 a arewacin Gana ba su manta ba. Ruwan yakan kwashi kashin daji da na masai ya juye a rijiyar da ba ta da murfi. Daga nan sai gudawa, taifot, wani lokaci kwalara.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne jinkiri. A kawo jariri idanu sun zurma, maɗiga ta faɗa, ka mintsini fatar cikinsa ta ƙi komawa da wuri, uwa tana cewa, "Ai haƙori ne." Uwata, haƙori ba ya tsotse ruwan jikin yaro haka. Gudawa ce, kuma tana iya kisa cikin kwana ɗaya ko biyu.

Da zarar ta fara, a haɗa ruwan gishiri da sukari na asibiti yadda aka rubuta a jikin takardar, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan. Kada a janye nono. A ba da ƙwayar zinki kwana 10 zuwa 14. In an ga jini a bayan gida, ko yaro ya kasa sha, a garzaya asibiti ko da tsakar dare ne. Rigakafin gudawar rota, da Gana ta fara bayarwa a 2012, ana ɗiga shi a wurin awo. Kada a tsallake.

A tafasa ruwan sha, a rufe randa, a ware mata moɗa guda. Abincin da ya kwana a ɗumama shi har ya tafasa. Maigida, gina masai da rufe bakin rijiya aikinka ne, kuma kafin ruwan farko ake yin sa.