Ka Miƙa wa Baƙo 'Ya'yan Dara a Hannunsa

Ɗana, ranar Asabar da ta wuce na zauna a bencin ƙofar shagonka tun bayan La'asar har aka kira Magariba, ban ce maka komai ba sai barka da kasuwa. Wataƙila ka ɗauka iska na fito sha, ko kallon tankoki da tirelolin da ke kutsawa ta shataletalen Kpakungu suna neman hanyar Bida. Dararka na zo gani. Tun da mahaifiyarka ta gaya mini ka sa kafinta ya fafe maka katako mai gida 30 ka ajiye a gefen teburin burodi, raina yake wajen.

Na ji daɗin abin da ka yi, kuma ina so ka fara jin wannan kafin sauran maganar. Unguwar nan ta tara mutane. Ga Nufawa, ga Gwarawa, ga mu, ga Yarbawa da Inyamurai, ga ɗaliban jami'ar fasaha da ke tsayawa neman motar Gidan Kwano safe da yamma. Kai ma ka san irin sunan da ake ba samarin Kpakungu da Soje da Barikin Sale duk lokacin da rigima ta tashi, alhali yawancinsu 'ya'yan kirki ne da suka rasa inda za su zauna da yamma. Wanda ya samar musu benci da abin da zai ɗauke hankalinsu ba tare da ƙwaya ko wuƙa ba ya yi aikin lada, ko da shi ciniki ya nufa. Allah Ya yi maka albarka.

To, amma akwai yaron nan mai jakar goyo. Ka tuna shi? Ya sayi katin waya, ya juya zai tafi, sai idonsa ya faɗa kan katakon, ya tsaya. Hausarsa ba ta nuna ba, da jin harshensa daga kudu ya zo karatu. Ka yi abin da ya dace, ka matsa masa wuri ka ce ya zauna ka nuna masa. Daga nan ne aka samu matsala. Ka kwashe kusan minti goma kana bayani, tsakuwoyin suna hannunka na dama, guntayen karan suna na hagu, shi kuwa hannunsa na kan gwiwa yana gyaɗa kai. Da aka fara wasa ka cinye shi sau uku a jere, na ƙarshen ko ɗa ɗaya bai ci maka ba. Masu kallo suna shewa. Ya miƙe ya yi godiya cikin ladabi, ya tare Keke ya tafi. Na tambayi yaron shagonka jiya, ya ce bai sake tsayawa ba.

Ni a hannun wani dattijo Badakkare na koyi dara, mutumin ƙasar Zuru da aikin jirgin ƙasa ya kawo Minna. Mutanensu sun shahara da wasan, kamar yadda Zabarmawan Nijar suka shahara da shi, su suna ce masa dili. A ƙasa yake tona gidajensa da yatsa, layi 5, kowane layi gida 6. Ranar da na fara tsugunawa gabansa bai yi mini wa'azi ba. Ya ƙirga tsakuwa 12 ya zuba a tafina, ya riƙe kara 10, ya ce in ajiye ɗaya duk inda raina ya so. Na ajiye, ya ajiye. Da na zo zan jera uku tun ana zubi sai ya ɗora yatsa a gidan ya ce ba yanzu ba, sai an gama zuba duka. Dokar farko ke nan da na koya, kuma ban taɓa mantawa ba domin hannuna ne ya yi kuskuren kafin kunnena ya ji gyaran.

Haka nake so ka riƙa yi. Abin da baƙo yake bukatar ji kafin ya taɓa ɗan dara bai wuce numfashi ɗaya ba: za mu zuba ɗaya bayan ɗaya, sannan mu riƙa matsawa gida ɗaya gaba ko baya ko gefe, wanda ya jera uku ya ɗauke ɗan abokinsa. Shi ke nan. Cewa ba a tafiya a karkace, da cewa huɗu a jere ba ci ba ne, da cewa wanda 'ya'yansa suka koma biyu ya faɗi tunda ba zai ƙara jera uku ba, duk waɗannan ka bari sai wasan ya kawo ku wurin. Gani ya kori ji. Mutum yana riƙe doka ne a lokacin da ya ga amfaninta a gabansa, kafin nan kuwa surutu ce kawai a kunnensa, balle ga wanda yake fassara maganarka a zuci kafin ya gane ta.

Zubi shi ne wurin da ya kamata ka fi yin haƙuri, domin a nan ake cin dara ko a faɗi, sabon shiga kuwa bai san haka ba. Idan aka zuba 'ya'ya 24 a gida 30, gida 6 kaɗai ke saura babu kowa, kuma duk wasan a kan waɗannan shidan yake juyawa. Baƙo zai tara 'ya'yansa a gefe ɗaya kamar tumaki a inuwa, ko ya watsa su a kusurwa inda ba su da hanyar fita. Kai kana gani ka san ya riga ya faɗi tun ba a motsa ko ɗaya ba. Kada ka karɓi ɗan daga hannunsa ka ajiye masa. Tambayarsa za ka yi. Ka ce, in ka sa nan, ta ina zai fita? Ka ce, duba biyun nan nawa, me kake jin nake nema? Sai ka yi shiru ka ba shi lokaci, ko da shirun ya yi maka tsawo. Idan ya gano da kansa ya toshe maka gidan, za ka ga fuskarsa ta canza, kuma wannan canjin shi ne abin da kake nema tun da ka ce masa ya zauna. In ya matsa ɗa ya gane ya yi kuskure, bar shi ya mayar. Tsakanin gwanaye an taɓa an taɓa ke nan, amma ranar farko ba ranar wannan tsanani ba ce.

Na san abin da za ka tambaye ni: Baba, wato in riƙa faɗuwa da gangan? A'a. Mutane ba yara ba ne, har yaran ma suna ganewa idan ana yi musu wasan raini, kuma cin da aka ba mutum sadaka ba ya masa daɗi. Abin da dattijon nan yake yi mini ya fi wannan mutunci. A fili yake cewa zai shiga da kara 10 ni ina da 12, sannan ya yi wasansa da gaske. Da na fara cinsa a haka ya koma 11. Ranar da ya ƙirga 12 cif ya zuba a gabansa ba tare da ya ce komai ba, na koma gida kamar an naɗa ni sarauta, ko da yake ya cinye ni a ranar. Ka gwada wannan. Kuma ko ta yaya, ka buɗe masa hanya ya jera ukunsa na farko ya ɗauki ɗanka da hannunsa kafin ya tashi. Wanda bai taɓa ɗanɗana ci ba, me zai dawo nema?

Sai maganar doki. Ka san shi, tunda da shi ka gama da yaron nan a wasa na uku: ka shirya 'ya'yanka yadda ɗa ɗaya zai riƙa kai da komowa tsakanin gida biyu, duk motsi ya rufe uku, duk motsi ka ci. Gwaninta ce, ban hana ka ba, ka hau shi a kan sa'o'inka. Amma a kan baƙo, idan ka ga dokinka ya kusa ɗauruwa, tsaya ka nuna masa. Ka ce ga abin da nake shiryawa, ga gidan da in ka shiga ka lalata mini. Ba abin da ya ragu daga gwanintarka, shi kuwa ya tafi da abin da zai kwana yana juyawa a ransa.

Masu kallo ma aikinka ne, tunda ƙofarka ce. Dara ba ta rabuwa da 'yan gefe, kuma barkwancinsu rabin daɗinta ne. Amma akwai bambanci tsakanin tsokanar da ake yi wa wanda aka saba da shi shekara da shekaru da dariyar da ake yi wa wanda ko sunansa ba a sani ba. Ranar nan mutum huɗu suna ba yaron shawara a lokaci ɗaya, ɗaya har yana miƙa hannu yana matsa masa ɗa. Kalma ɗaya daga bakinka ta isa: jama'a, baƙo ne, a bar shi ya yi tunani. Za su ji, domin bencinka suke zaune.

Wani abu kuma da za ka riƙa faɗa tun farko shi ne dokar gidanka. Dara ba ta da littafi ɗaya da kowa ya yarda da shi. Wani gari ba a ɗaukar ɗan da ke cikin ukun da aka riga aka jera, wani gari ana ɗauka. Wasu gidajensu sun fi 30. Bayarabe kuma in ya ga katako mai ramuka zai zaci ayo ne, mai gida 12 da ƙwaya 48, wanda ake zagayawa ana rabawa, alhali hanyarsu ba ɗaya ba ce. Ka ce mu nan haka muke yi, kada ka ce na garinsu kuskure ne. In ma ya iya ayo, roƙe shi ya koya maka wata rana, ka ɗanɗana zaman da shi ya yi a gabanka.

Kada ka ɗauka wannan karamcin ƙauyanci ne irin namu na tsofaffi. Jikana ya nuna mini a waya yadda ake yi a Ingila. Akwai kamfanin Games Workshop da aka kafa a Landan a 1975, wanda ya fito da wasan Warhammer a 1983. 'Yan mutum-mutumin sojoji ne da ba su wuce tsawon yatsa ba, ana yi musu fenti da hannu, a jera su a kan tebur, a auna tafiyarsu da tef, a jefa ƙwaya irin ta lido a ga wanda ya yi nasara. Littafin dokokinsa kauri gare shi. Duk da haka, idan baƙo ya shiga shagonsu ba littafin ake miƙa masa ba. Sojoji kaɗan ake ba shi, a sa masa ƙwaya a hannu, a yi gajeren wasa kyauta. 'Yan kasuwa ne, sun lissafa sun ga wanda ya ji daɗin zamansa na farko shi ne mai dawowa da kuɗinsa. Nan kusa da mu a Abuja, Kenechukwu Ogbuagu ya buɗe wa kamfaninsa NIBCARD wurin zama inda ake koya wa mutane wasannin tebur, har aka ba su lambar yabo ta Diana Jones a 2021. A Legas kuma Tunde Onakoya ya fara Chess in Slums Africa a 2018 da yaran Majidun a Ikorodu, yaran da yawancinsu ba su taɓa ganin allon shaɗaranji ba. Duniya ta san shi da awa 60 da ya yi yana wasa a Times Square ta birnin New York a watan Afrilun 2024, amma ni abin da ya fi burge ni shi ne haƙurin da ya yi ya tsuguna gaban yaro yana nuna masa tafiyar ɗa ɗaya.

Abu biyu ne ba zan yi maka sassauci a kansu ba. Kada naira ko ɗaya ta hau katakon nan, ko da sunan wanda ya faɗi ya sayi lemo, domin daga lemo ake farawa. Ka san aya ta 90 da ta 91 a Suratul Ma'ida sun haɗa caca da giya, sun kuma ambaci gaba da shagala daga salla, kuma shagunan caca sun riga sun ishi samarinmu a bakin titin nan. Na biyu, da an kira salla a kife katako, ko wasa ya kai ina. Iyayen unguwa suna kallo, kuma da wannan za su yanke hukunci ko su bar 'ya'yansu su zauna wurinka ko su hana.

Ban zo da wannan magana don na fi ka ba. Ina da ƙane, baffanka marigayi, Allah Ya jiƙansa. Lokacin da hannuna ya faɗa a dara ya roƙe ni in koya masa, ni kuwa ina ji da ƙuruciya. Na zaunar da shi gaban abokaina na yi ta cinsa ina yi masa waƙa. Ya share gidajen da ƙafa ya tafi. Mun yi shekara fiye da arba'in bayan nan muna zaune gari ɗaya, muna cin tuwo a kwano ɗaya, bai sake zama dara da ni ba ko sau ɗaya. Da na ga yaron nan ya saɓa jakarsa yana godiya, shi na tuna.

Yaron shagonka ya ce yana ganinsa kusan kullum da misalin ƙarfe biyar yana sauka daga motar Gidan Kwano, ya tsallaka ta ɗaya hannun. Gobe in Allah Ya kai mu ka bar kanta a hannun yaro na minti kaɗan, ka tsallaka ka gaishe shi, ka tambayi sunansa da garinsu. Ka ce masa rannan ka yi gaggawa, kana so ku sake. In ya zo, ka ƙirga tsakuwa 12 ka zuba masa a tafi, kai ka ɗauki kara 10. Zan zo bayan La'asar in zauna a bencin.