Ɗalibin da Ya Daina Walwala

Malaman sakandaren Kura da Bunkure sun saba: da an fara dashen shinkafa ko tsinkar tumatir a Kadawa, sai aji ya rame. Amma ba kowane fashi ba ne na gona. Ɗalibin da ya yi mako biyu babu walwala, barci da abinci suka gagare shi, ya ƙaurace wa abokai, ciwon damuwa ake jiye masa. Bulala ƙara dagula shi take yi.

Don haka ya kamata shugaban makaranta ya ware malami mai riƙe sirri, mace ga 'yan mata, da awa guda kowane mako. A saurara tukuna, nasiha daga baya. In yaro ya ambaci kashe kansa, a sanar da iyayensa ranar, a kai shi asibitin Dawanau ko na Malam Aminu Kano.