Darasi na Tara: A Duba Jini Kafin a Sha Magani

Ku da kuka raini 'ya'ya da jikoki ba sai an koya muku alamun zazzaɓin cizon sauro ba. Kun san zafin jiki da rawar ɗari da ɗacin baki, kun kuma san da damina ya fi ƙamari. Abu ɗaya ne ya ƙi barinmu: jiki na yin zafi, sai a aiki yaro kemis. Kada a sha maganin maleriya sai an duba jini.

Ƙwayar cutar ƙarama ce ƙwarai, cikin jajayen ƙwayoyin jini take ɓuya, ido ba ya ganinta sai da madubin likita. A shekarar 1880 wani likitan sojan Faransa mai suna Laveran ya fara ganinta a jinin wani majinyaci a Aljeriya. A 1897 Ronald Ross, likitan Ingila da ke aiki a Indiya, ya gan ta a cikin tumbin sauro.

Ga yadda ake yi a ɗakin gwaji. Ma'aikaci zai goge yatsa, ya soka, ya ɗiga jini wuri biyu a kan gilashi. Ɗaya ya bar shi da kauri, ɗaya ya shafe shi siriri. In ya bushe sai ya zuba rini, ya ɗauraye, ya ɗiga ɗan mai, ya sa a madubi mai ƙara girman abu sau 1,000. In cutar tana nan, zai gan ta kamar ɗan zobe shuɗi mai jan dutse. Mai kaurin yana nuna ko akwai cutar da yawanta, siririn kuma yana nuna irinta. Inda babu madubi akwai gwajin gaggawa, wanda ke fitowa cikin minti 15 zuwa 20. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a gwada kafin a ba da magani.

To, ku ji abin da ke faruwa a gidajenmu.

Yarinya ta kwana da zazzaɓi. Da safe uwar ta goya ta, tana neman mayafi. Kakar tana zaune bakin murhu.

"Ina zuwa da sassafen nan?"

"Asibiti, Inna. A duba mata jini."

"Jini? Yarinyar da ba ta da jinin, shi za a ƙara ɗiba? Buɗe kwallar can, ƙarƙashin tasoshi akwai ragowar ƙwayar da na sha bara."

"Inna, ai ta manya ce."

"Sai a raba biyu. Da haka na raini ubanta, ga shi nan ƙato."

Kafin uwar ta ba da amsa, maƙwabciya ta yi sallama, an ce mata yarinya ba lafiya. Ko zama ba ta yi ba ta kwance bakin zane: ga fara, ga ja, ga mai ruwan ɗorawa, duk babu kwali.

"Haɗin mai kemis ɗin bakin kasuwa ne. Ki ba ta da koko, kafin azahar kin gan ta tana tsalle."

"Yaya, wace ce ta maleriya a ciki?"

"Oho! Duk dai magani ne."

Sai ga maigida ya shigo da buta a hannu. Ya dubi ƙwayoyin, ya taɓa wuyan yarinyar, ya durƙusa gefen tsohuwa.

"Inna, a yi mana haƙuri. Ɗigo ɗaya za a ɗiba, bai kai wanda sauro ke sha a dare ba. In an ga cutar, da hannunki za ki ba ta maganin."

"Ku 'yan boko kun fi kowa sani," in ji ta, ta juya tana iza wuta. Amma da suka kai zaure, ta ɗaga murya: "A rufe mata kai, akwai iska!"

Irin wannan maƙwabciya tana kowace unguwa. Ba ta san sunan ƙwayar ba, ba ta san ranar lalacewarta ba, amma ta fi likita saurin rubuta magani, a kan ɗan wani kuma. In abu ya ɓaci, ita ce ta farko wajen cewa kwana ne ya ƙare. Ku karɓi gaisuwarta, ku mayar mata da ƙullinta.

Ga dalilin da ya sa ake duba jini kafin a sha magani. In aka sha magani kafin gwaji, ƙwayoyin cutar suna raguwa a jini, mai dubawa ya yi ta nema bai gani ba, alhali cutar ba ta mutu ba. Na biyu, ba kowane zazzaɓi ne maleriya ba. Taifot da sanƙarau da ciwon haƙarƙari duk da zafin jiki suke farawa, kuma maganin maleriya ba ya taɓa su. Kwanakin da aka ɓata ana haɗiyar ƙwaya, su cutar take samu ta yi ƙarfi. Na uku, shan rabi-rabi yana sa cutar ta saba da magani. Kun ga yadda kulorokwin ya daina aiki, har aka sauya shi da haɗin magani na kwana uku. Saboda haka a duba jini tukuna.

Kafin a isa asibiti, a shafa wa yaro ruwa mai ɗumi-ɗumi, a ba shi abin sha, ana iya ba shi farasitamol. Kada a kwana ana jira. In yana jijjiga, ko ya kasa shan nono, ko yana amai ba tsayawa, a tafi nan take ko da tsakar dare ne. In an riga an ba shi wani abu, kada a ɓoye wa ma'aikaci, a tafi da kwalin. In gwaji ya nuna babu maleriya, kada a biya kemis a hanyar komawa gida. A tambayi likita me za a duba kuma.

Tambayoyi

1. Me ya sa ake ɗiga jini wuri biyu a kan gilashi?
2. Faɗi cuta biyu masu zazzaɓi waɗanda ba maleriya ba.
3. Me za ka ce wa maƙwabcin da ya kawo ƙwaya babu kwali?

Rubutu: Kwafi wannan jimla sau biyar. Ba na shan maganin maleriya sai an duba jinina.