DARASI: HAƘƘIN MAI JIRAN SHARI'A

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Manzon Allah.

Bayan haka, ya ku samari, ku sani kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda ke tsare a gidajen yarin Nijeriya, alƙali bai kama su da laifi ba. Jiran shari'a suke yi. Wani majistare ya tsare shi ana jiran shawarar Ma'aikatar Shari'a. Wani an ba da belinsa, ya rasa mai tsaya masa. Wani kuwa ranar zaman kotu babu motar kai shi, sai a ɗaga.

To, yaya zaman yake? Ɗaki cunkushe, kwana kafaɗa da kafaɗa, ga zafi, ga ƙazuwa, ga tari, abinci sai gabza. A waje kuma iyali ba mai ciyarwa. Har mutum ya zarce wa'adin da za a ɗaure shi da an same shi da laifin.

Tuhuma ba hukunci ba ce. Shari'a ta ɗora hujja a kan mai ƙara, Tsarin Mulki na 1999 ma haka. Alƙali Abu Yusuf ya shawarci Halifa Haruna Rashid da ya ciyar da fursunoni, ya tufatar da su daga baitulmali, a riƙa duba lamarinsu. Annabi Yusuf (A.S.) ma ya yi shekaru a kurkuku ba laifi.

Saboda haka:
1. Kada ka kai ƙarar ƙarya ko ka yi shaidar zur.
2. Ka tsaya wa wanda ka san amanarsa.
3. Ku ziyarce su, ku leƙa iyalansu.

Allah Ya kuɓutar da wanda aka zalunta, amin.